Na Je Ɗauko Babba, Na Dawo da Ƙarami

Nasarawa Gwom, biyar da rabi

Ana idar da sallar asuba na shayar da Hanifa na miƙa wa Inna, uwar mijina. Watanta huɗu, tana tari, Inna ta ce ba a fita da ita cikin sanyin nan. Ita kuwa ban da nono ba ta karɓar komai. Na ce kafin azahar na dawo.

Baban Hanifa lambu yake kula wa wani oga a Rayfield, kuɗin napep ya ishe shi. Yayansa Sale, mai gyaran kekuna a Bauchi, ya ce a zo a ɗauki keke ɗaya kyauta. Oga ya hana hutu, shi ne aka aike ni. Har bakin ƙofa Baban Hanifa yana maimaita mini: babba, mai kariyar ɗaukar kaya a baya.

Hanya

Motarmu ta tashi bakwai saura kwata. A Tilden Fulani sojoji suka leƙo, suka ce mu wuce. Na sayi ƙosai a Toro, yana hannuna har ya huce.

Bauchi, tara da kwata

Yaya Sale ya fito da biyu. Babban baƙi ne, ƙarfe na gaske, zai ɗauki buhun taki. Ɗayan kuwa ƙarami ne, tayoyinsa kamar murfin tukunya. Ya ɓalle wani ƙarfe a tsakiya, keken ya naɗe gida biyu, ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya ce mai hawa mota wannan ne nasa. Na ce babba aka ce mini.

Yaya Sale ya rako ni tasha da babban, direbobin ƙananan motoci uku suka ƙi mu. Ɗaya ya gwada, taya ta leƙo waje, but ɗin motar ya ƙi rufuwa. Bas mai kariya a sama ta yarda, amma mutum huɗu ne a ciki, direban na kwance a inuwa.

Sha ɗaya ta wuce, mun zama shida. Inna ta kira, ta ce lafiya lau, kada in damu. Amma ina jin Hanifa ta bayanta, muryar har ta dishe. Nan take gaban hijabina ya jiƙe. Wata tsohuwa a gefena ta dube ni.

"'Yar nan, ke da jariri a gida kike gadin ƙarfe?"

Na sauko, Yaya Sale na nan bai tafi ba. Na ce, "Yaya, don Allah koma da shi, kawo mai naɗewar."

Komawa

Ƙaramin ya shige but tsakanin buhunan albasa biyu, direba bai ko tanka ba. Sha biyu saura muka tashi. A Tina Junction na shiga napep, keken a kan cinyata. Biyu da minti goma na faɗa gida, ko takalmi ban cire ba. Hanifa ta kama nono tana ajiyar zuciya, ɗan hannunta riƙe da hijabina.

Da magariba Baban Hanifa ya shigo. Dogo ne. Ya buɗe keken, ya hau a tsakar gida, gwiwa na dukan hannun keke. Inna ta yi dariya har da tari. Ya fara cewa ai babba ya ce, sai idonsa ya kai kan Hanifa tana barci, madara a gefen baki.

"To," ya ce, "sirdin nan ana ɗaga shi?"

Ana ɗagawa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, da Yaya Sale da ya yi sawu biyu, da tsohuwar da ban ko tambayi sunanta ba.