Kindirmon Jika a Tashar Goronyo

"Baba, mi kaɗ ɗauko kake lallaɓawa kamar jinjiri?" in ji yaron mota.

"Baƙi na ɗauko, rage murya."

Dattijo ne siriri, rigarsa na ƙanshin albasa, yana rungume da kwanon kindirmo naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Jikarsa ta cika laulayi. A asibiti aka ce masa nonon yana da ƙananan halittu masu rai, idan suka zauna a hanji sukan taimaki garkuwar jiki. Fargabarsa kada zafi ya kashe su kafin ya isa garinsu Shinaka. Da gani, ko tumakinsa ba su samun wannan gata.

Ya leƙa motar, ya dafa kafaɗar wani saurayi.

"Ɗana, don Allah koma gefen rana ka bar mani inuwa. Kai zufa kawai za ka yi, su mutuwa za su yi."