Talatar da Na Shiga Tarun Masunta da Babur

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Nima, unguwarmu a Accra, babu wanda ya kai ni iya riƙe kan babur, na taɓa jawo wa kaina da abokaina wani abu da har yau in na tuna sai na yi dariya, sannan kunya ta biyo baya.

Ni tela ne, keken ɗinkin mahaifina na gada. Amma a wancan lokacin ba na son a kira ni tela a gaban 'yan babur. Hankalina duk yana kan wani tsohon babur na hawan daji da abokina, makanike a Abossey Okai, ya harhaɗa min da kayan matattun babura uku. Mu goma sha wani abu ne, 'yan Nima da Maamobi, kuma damuwarmu ɗaya ce: wurin hawa. Lungunanmu in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bango biyu. A titi 'yan sanda na korarmu, kuma da gaskiyarsu, don ɗaya daga cikinmu ya taɓa karya ƙafa a wajen shataletalen Circle garin nuna gwaninta. Filin makaranta an zagaye shi da katanga. Abin da ya rage mana shi ne wani bakin teku can yamma da gari, kusa da wani ƙauyen masunta, yashi shimfiɗe iya ganinka.

Mun more wurin nan na 'yan watanni. Wata Lahadi muka iso muka tarar da allo an kafa: hukuma ta hana babura da motoci hawa yashin. Masunta ne suka kai ƙara, sun ce muna tsallake musu igiya suna tsakar jan taru, wato babbar ragar nan tasu da sai mutum ashirin ke jawo ta daga ruwa. Ranar kowa ya koma gida ransa a ɓace, har wasu suka fara cewa to a koma titi.

Da yake Allah ya hore min baki, ni aka tura wurin wakilin yankin. Na je da dabarata a aljihu. Duk wanda ya tashi a Accra ya san masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ran Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Na ce masa, to tunda ranar ba jan taru, a ba mu Talata kawai, sauran kwana shida nasu ne. Mutumin ya jinjina kai, ya ce zai ba mu gwaji, amma ƙorafi ɗaya ya sake zuwa teburinsa, maganar ta mutu har abada. Na ce masa na ɗauki wannan a wuyana.

Na dawo Nima ana ɗaga ni sama kamar na ci zaɓe. Mahaifiyata ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ita ta yi shekaru tana sayen kifi a bakin teku tana soyawa a ƙofar gida. Tana juya kifi a kasko ta tambaye ni ko na je na zauna da masuntan. Na ce wane zama kuma, ai ranar hutunsu ce. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ce, "Mma, wannan harkar moto ne, ki bar mana." Ta dube ni, ta mayar da idonta kan kasko, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Talata ta zo. Ni ne a gaba, ba sai an faɗa ba. Na hango kwalekwalensu duk a jere a tudu, teku ba kowa, na ce ka ga abin da nake faɗa. Na miƙe tsaye a kan babur na murɗa mai. Abin da ban sani ba, wanda kuma mahaifiyata ta so gaya min, shi ne Talata ba ranar barci ba ce a wurin masunci. Ranar ce yake shimfiɗa tarunsa a busasshen yashi, ya bi shi ido-ido yana gyara. Tarun ya koɗe, iska ta watsa masa yashi, daga nesa ba ka bambanta shi da ƙasa. Sai da ya naɗe tayar baya na san da shi. Babur ya ja shi ya yage, ya tsaya cak, ni kuma na ci gaba da tafiya ba babur.

Da na tofar da yashin bakina na ɗago, mutane sun zagaye ni. Samarinsu na ta faɗa da yaren Ga, wanda na ji da wanda ban ji ba, duk na san ba addu'a ba ce. Abokina makanike ya raɗa min da irin kiran da abokai ke yi wa juna a Accra, "Chale, ka kashe mu." Ba ciwon gwiwata ne ya dame ni ba. Abin da ke raina shi ne teburin wakili, da alkawarin da na ɗauka, da mutum goma sha wani abu da za su koma titi saboda ni.

Sai wani dattijo ya ratso su, shi ne babban masuntan kuma mai tarun. Ya ɗaga yagaggen wurin, ya fi tsawon mota biyu. Ga mamakina sai ya yi min Hausa, irin tamu ta zango, ashe ya taɓa zama a Maamobi da ƙuruciya.

"Wanene ya ba ku Talata?"

Na ce wakili.

"Wakili yana da taru a nan?"

Abokina ya yi maza ya ce za mu haɗa kuɗi mu biya, dattijon ya kaɗa hannu, ya ce shi ba abin da yake nema ke nan ba. Ya tambaye ni sana'ata. Karo na farko ke nan da na faɗi a gaban 'yan babur da ƙarfi cewa ni tela ne, don na ga ita kaɗai ce ta rage min. Na ce, "Baba, hannuna ya yaga, ka bari hannuna ya ɗinke. In na kasa, ka kai ƙara." Ya dubi yatsuna, ya ce zai riƙe ƙarar har ya ga aikin.

Na ɗauka abin kwana ɗaya ne. Allurar taru ba irin tamu ba ce, wani ɗan katako ne mai baki da ake naɗa zare a cikinsa, kuma ba ɗinki ake yi ba, ƙulli ne, kowane ido da nasa. Yinin farko duk abin da na yi sai da dattijon ya warware. Ya ce na matse idanun kamar ina yi wa kifi rigar sallah. Samarin suka yi ta dariya, na bar su suka yi, don ni ma da na ga aikin na san ba ƙarya ya yi ba. Amma hannun da ya saba da zare ba ya daɗewa yana ɓata. Yini na uku ya daina warwarewa. Na rufe shago kwana biyar, kullum in hau trotro, motar haya, da sassafe, babur kuwa yana jingine a gida. Masuntan kuma suna fita da wani tsohon taru da suka aro, kuma na ga yadda kamun ya ragu, ba wanda ya ce min komai a kai. Wannan shirun ya fi zagin ranar farko yi min zafi.

Zaman nan ne ya buɗe min ido. Yashin da nake kira fili ashe ba fili ba ne. Nan wurin shanya taru, can hanyar igiya, can inda mata ke ajiye kwanonin kifi. Kowane taku da mai shi, allo ne kawai ba su kafa ba.

Ranar da na ƙulla idon ƙarshe, dattijon ya sa aka ja tarun ta kowane gefe, bai saki ba. Ya ce in biyo shi. Ruwa ya janye a lokacin, ya bar wani dogon jiƙaƙƙen yashi mai tauri. Ya tsaya daidai inda busasshe ya ƙare, ya ja layi da diddigensa.

"Daga nan zuwa ruwa, ran Talata, in teku ya koma baya, ku hau. Shi zai share sawunku da kansa. Daga nan zuwa sama, wurin cin abincinmu ne. Ku kashe moto, ku tura shi da hannu."

Shi da kansa ya raka ni wurin wakili ya faɗi haka, aka ƙara layi ɗaya na wannan sharaɗin a ƙasan allon. Da za mu rabu ya miƙo min allurar da na yi aikin da ita, ya ce in riƙe, wataƙila in sake buƙata.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, ba ta ce ai na gaya maka ba. Cewa ta yi dama abin da ta so faɗa min bai wuce kalma biyar ba, ni na zaɓi in ji shi a kwana biyar.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa masu babur suna da haƙƙin a ba su wuri, kuma duk inda aka kafa allon hani ba a tanadi wani wajen ba, zan je in yi magana. Abin da ya canza shi ne na daina kiran wuri fili don kawai ban ga kowa a kai ba, kuma kafin in je ofis sai na fara zama da waɗanda ke ci daga wurin.

Dattijon ya rasu, layin da ya ja kuwa ruwa ya shafe shi tun a yammacin ranar. Amma har yau duk Talatar da muka je, a daidai wurin nake kashe babur in sauka in tura, allurar nan tana lilo a jikin makullina. Sababbin shiga sukan tambaye ni me ya sa muke wahalar da kanmu alhali ba kowa a yashin. Sai in ce musu su sauka tukuna, su dubi ƙasa da kyau.