Ranar da Alhaji Ya Ɗauki Buta

Tunda an ce in yi wa sababbin malamai bayani, bari in fara da abin da ya same ni, don har gobe ban manta da ranar da Madam ta zo duba ajina a Agege ba.

Lokacin ina koyar da Turanci a ajin manya da wata ƙungiya ke ɗaukar nauyinsa. Ga wanda bai san tsarin ba, kowane malami yana da mai duba aikinsa, tawa kuwa ita ce Madam. Takan zo sau ɗaya a zango, ta zauna a baya ta ga darasi. In ta ce aji na tafiya, a ci gaba. In ta ce ba abin da ake tsinanawa, a rufe, malami ya kama gabansa. Ni kuwa matata na da tsohon ciki, kuma ban da wannan ajin ba ni da wata hanyar abinci a Legas.

Ɗalibaina 'yan kasuwar Mile 12 ne, masu dakon tumatir da yaran shagunan albasa, amma a Agege suke kwana. Bayan la'asar danfo, motar hayar Legas, ke sauke su, su shigo da warin albasa har idona ya yi ruwa. Kusan dukkansu a ƙarƙashin mutum ɗaya suke ci, Alhaji Mamman, babban dillalin albasa. Shi ya tattaro su ya sa su a ajin. Shi ma ya ba da sunansa, amma zuwansa sai an yi sa'a.

A makon dubawar, darasinmu kalmomin Turanci ne masu rubutu ɗaya amma ma'ana biyu. Alhaji ya tafi arewa lodin kaya, ni kuma na samu fili na gasa su da maimaici. "Watch", agogo, kuma kallo. "Ring", zobe, kuma ƙarar waya. Wallahi sun iya. Akwai Isiyaku, wani ɗan dako mai kaifin ƙwaƙwalwa, har nasa kalmomin yake tsintowa a allunan talla ya kawo mini.

Ran Laraba Madam ta iso. Bayarabiya ce mai gilashi, dariyarta tsada gare ta. Ta zauna a bencin baya. Ina ɗaukar alli sai na ji sallama. Alhaji! Ashe da safe ya dawo, ya ji za a yi baƙuwa, ya ce ba zai bari a tarar da aji babu babba ba. Ga babbar riga, ga hula, ga turare. Aji ya miƙe, aka goge masa kujerata, ya zauna a gaba.

Na rubuta kalmar farko a allo. To ku gaya mini, a wace tarbiyyar ake tsallake dattijo a tambayi yaro? Na ce, "Alhaji, bismilla."

Ya nuna wuyan hannunsa. "Agogo."

"Madalla! Isiyaku, ba mu ta biyun."

Isiyaku ya miƙe ya sunkuyar da kai. "Malam, ai Alhaji ya faɗa."

"Na ji. Ɗayar nake nema."

"Yadda Alhaji ya faɗa, haka ne."

Haba! Na nuna na kusa da shi, ya ce agogo. Na nuna na bayansa, ya ce, "Agogo, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya." Sai a lokacin na gane masifar da na jawo wa kaina. A wurinsu, kawo wata amsa bayan ta Alhaji gyara masa magana ne, kuma a gaban baƙuwa. Wa zai yi wa mutumin da ya ba shi tabarma ranar da ya sauka daga tirela haka?

Na canza dabara. Na rubuta kalma ta biyu, na fara da Isiyaku. Ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ce, "Malam, Alhaji na zaune in riga shi?" Na ji kamar in jefe shi da abin goge allo. Alhaji ya taimaka ya ce zobe, aji gaba ɗaya ya amsa zobe kamar masu cewa amin.

Madam ta yafito ni da yatsa. Da Turancin buroka ta tambaye ni, wai ɗalibi ɗaya gare ni, sauran 'yan rakiya ne? Gumi ya jiƙa mini riga. Tsoro na ji, tsoro na gaske, har na fara shirya yadda zan gaya wa matata.

Alhaji bai ji abin da ta ce ba, amma dillali ne, ya san fuskar cinikin da ya cije. Ya dube ni, ya dubi yaransa. Sai ya dafe ciki ya yamutsa fuska. "Malam, a yi mini uzuri. Tafiyar nan ta taɓa ni." Ya suri butar da ke bakin ƙofa ya fice da saurin da ban taɓa ganinsa da shi ba.

Ƙafarsa na fita aji ya fashe. Hannaye sama, kowa na ihu, "Kallo! Ƙarar waya!" Madam ta cire gilashi. Ta taso da kanta ta rubuta "light". Isiyaku ya ce wutar lantarki, ya ƙara da cewa kuma abu marar nauyi, irin kwandon da aka juye. Ta ƙara wata, suka cinye.

Ana cikin haka na leƙa ta taga. Ga Alhaji tsaye jikin bango, yayyafi na sauka a kan babbar rigarsa, buta cike a hannunsa, bakinsa na motsi yana bin amsoshin yaran. Dariya ta zo mini, tausayi ya danne ta.

Sai da ya ji aji ya lafa ya dawo. Madam ta ce aji ya ci gaba, ta gamsu. Daga nan ta buɗe jaka ta ciro maganin gudawa, ta ce in fassara wa Baba: ya daina cin abincin bakin hanya, shekarunsa sun wuce nan. Ni na fassara, a gaban yaransa, kowa ya kafa ido a ƙasa kafaɗu na rawa saboda danne dariya. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya nemi ruwan leda ya haɗiye a gabanta, alhali lafiyarsa ƙalau.

Da muka fito ya ja ni gefe. "Malam, daga gobe zan riƙa zuwa kafin su iso. Ni ma ina son in san ta biyun."

Don haka ku da za ku shiga ajin manya, kafin ku tambayi ɗalibi abin da ya sani, ku fara sanin a gaban wa yake zaune. Shirunsa sau da yawa ladabi ne. Ni dai da aikina aka yi sunan ɗana, albarkacin dattijon da ya yarda a ce cikinsa ya ɓaci don yaransa su buɗe baki.