Hujin da na toshe a ginin Yaya Hajara

Da damunar nan Yaya Hajara ta cika shekara bakwai a ƙasa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kaɗai na shiga, shi ma ban gama ba haihuwa ta zo. Amma akwai maganar da na riƙe tun tana raye, kuma yanzu ta yi mini nauyi.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu a Zoza gidan magina tukwane ne, kuma duk cikin 'ya'yan Inna babu mai hannunta. Ta yi aure, ta zo gida haihuwar fari, yaron ya kwana tara ya koma. Aka yi arba'in, ba ta koma ɗakinta ba. Ba ta kuka, ba ta magana. Sai ta zauna tana kallon bango har tuwo ya huce a gabanta. Aka ce iska ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru.

Wata rana da hantsi ta jawo yumɓun da Inna ta kwaɓa. Muka yi murna, mun ɗauka tulu za ta gina. Ta ɗaga shi har wuya, sai ta karkatar da wuyan ƙasa, ta rufe bakin ruf. Ya fito kamar mutum ya sunkuyar da kai, sai dai babu ido babu hanci. Washegari ta gina wani, duk jikinsa shatin yatsu, kamar an shaƙe shi.

Gwaggo Dije maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Ke Hajara, wannan me za a zuba a ciki? Ko asusu ai an bar masa baki."

Yaya ta ce, "A cike yake, Gwaggo."

Wannan ce maganar farko da muka ji daga bakinta cikin wata biyu.

Kawunmu ya ce gunki ne, amma liman ya duba ya ce babu fuska, a ƙyale yarinya. Ni kuwa Yaya takan jera mini su ta ce, "Wannan yadda na tashi ran Talata ne. Wannan na jiya, kin ga ya ɗan miƙe." Ta fara cin abinci. Ƙananan da aka gasa tare da tukwanen Inna duk suka fito lafiya.

Ina da shekara goma sha biyar lokacin, aikina shafe tukwane kafin su bushe. An koya mini duk 'yar ƙofa a jikin gini aibi ce. Ran nan na juya babban da ta gina, wanda ta kwana shida a kansa, na ga huji a gindinsa kamar na ƙaya. Na lakato yumɓu na toshe, na shafe sumul, ina jin na taimake ta. Mu duk abin da muke ginawa mai baki ne, don haka ban san rufaffen gini in babu inda zafi zai fita fashewa yake a wuta ba. Ita ta sani. Da ƙayar aduwa take huda kowanne.

Matan unguwarmu wuri ɗaya suke gashi a bayan gari. Aka jera kaya, aka rufe da kara da busasshen kashin shanu, aka sa wuta. Can sai muka ji kamar harbin bindiga. Babban ginin Yaya ya tarwatse, ya tafi da randar Gwaggo Dije da tulunan mutum uku. Nan take aka ce aljanin jikinta ta ɗura a ciki, kuma kada kayanta su ƙara shiga wutar unguwa.

Da toka ta huce na ga Yaya a tsugune tana jujjuya tsingaro. "Na huda shi. Wallahi na huda shi." Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ladi, ko ban huda ba ne? Ko kaina ne da gaske?"

Na ji tsoron bulala, na ce ban sani ba.

Ba ta ƙara taɓa yumɓu ba. Ta koma kallon bango, damuna ta gaba zazzaɓi ya ɗauke ta.

Yanzu ina aure a Karaye. Kasuwa ta cika da kwanukan langa da motocin gyaɗa ke kawowa, amare sun fara raina kayan ƙasa, maza na ta zancen mulkin kai. Malamar ajinmu ta ce wai a manyan makarantu har koyar da irin ginin Yaya ake yi, a ajiye don kallo kawai. Ina tambayar kaina, da tana nan me za ta ce? Ina jin dariya za ta yi, ta ce ita ba don kallo ta yi ba, don ta iya haɗiye tuwo ta yi.

Watana huɗu da haihuwa. 'Yata lafiyarta ƙalau, kullum ina godiya ga Allah. Amma nakan tashi da wani abu a ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Ina kai yatsa hancinta sau ba adadi in ji ko tana numfashi. A ɗakin magani ƙwayar zazzaɓi aka ba ni. Duk wanda ya gaishe ni in ce lafiya lau. Makon jiya maigidana ya shigo ya tarar tuwo ya huce a gabana, yarinya na kuka, ni ina kallon bango. Ba na so 'yata ta tashi da uwar da ba ta amsawa.

Ran Juma'a na goya ta na tafi Zoza, na faɗa wa Inna duka biyun, zancen hujin da na halin da nake ciki. Ta ce, "Da kin faɗa, Ladi." Ta share ido, ta sa hannu ƙarƙashin gado ta fito da ginin Yaya na ran Talata. Ashe ta ɓoye shi.

Yaya ba ta bar ɗa ba, tukwanenta duk sun fashe a gidajen mutane. Abin da ya rage shi ne wannan ɗan gini mai sunkuyayyen wuya, da hujin ƙaya a gindinsa, shaidar cewa hankalinta ɗaya.

Inna ta turo mini yumɓu. Abin da na gina bai yi kyau ba, ya karkace. Kafin ya bushe na huda shi da ƙaya, na kira Inna ta zo ta gani da idonta.