Jakar Askin Baba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran mahaifina bayan jinyar wata huɗu a asibiti. Mai aski ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a bayan kujera ɗaya, har simintin wurin ya lotsa.

Baba, masu zuwa gaisuwa sun yi ta faɗin alherinka. Yadda kake rataya jakarka ta fata ka bi tsofaffin da ba sa iya fita, ka yi musu aski a kan gadonsu. Wani ya ce ba ka taɓa yankar kunnen kowa ba, sai dai ka cika shi da surutu. Ni kuwa abin da na fi tunawa shi ne kai da Duna, karen da ya shekara goma sha uku yana gadin shagonka. Gashi gare shi mai yawa, da tsufa ya kama shi sai gashin ya riƙa ƙullewa a bayan kunne da hammata. Duk Asabar kakan shimfiɗa buhu ka zauna da shi. Kakan ce mini, "Uwata, kar ki jiƙa ƙullin gashi, ruwa ƙara ɗaure shi yake. Sa mataji tsakanin fata da ƙullin, almakashi ya bi ta sama. Fatar tsoho ba ta da kauri, ni shaida ne."

Da ciwo ya kwantar da kai, ni ce ke jinyarka, Mama kuma gwiwa ta hana ta durƙuso. Sai ka damƙa Duna a hannun ƙanenka, Baffa. Duk zuwansa sai ka tambaya, shi kuma ya ce, "Kwantar da hankalinka, Yaya, kullum sai an yi masa wanka." Na ga fuskarka ta canja, amma ba ka da numfashin gardama. Maganarka ta ƙarshe gare ni ita ce, "Je ki taje shi."

Ban je ba sai bayan an binne ka, wannan kuma laifina ne. Na same shi a bayan gidan Baffa, ɗaure kusa da famfo. Ashe wankan shi ne a tsaya daga nesa a watsa masa ruwa da tiyo, don kar hannu ya taɓa shi. Gashin ya haɗe ya zama kamar tsohuwar darduma. Igiyar wuyansa ta nutse a ciki, ƙarƙashinta gyambo ne da tsutsa. Bai iya miƙewa ba, jela kawai ya kaɗa mini.

Baffa ya ce, "'Yata, kare ne fa. Na riga na kira mai allura, gobe zai hutar da shi." Na sa Duna a baro na tura shi gida.

Kwana tara na yi a kan buhunka, ƙulli bayan ƙulli, yadda ka koya mini. Ya cije ni sau ɗaya, ban ga laifinsa ba. A rana ta tara ya miƙe da kansa, ya taka har ƙofar shago ya kwanta, yana kallon hanyar da kake ɓullowa.

Baffa ya fi kowa kuka ranar rasuwarka, ya kuma roƙi a ba shi jakarka don ya riƙa tunawa da kai. Na amsa masa. Ban zubar da ƙulli ko ɗaya ba, Baba. Na kwashe kayan aikinka, na cusa gashin duka a jakar, da igiyar. Jiya da dangi suka taru a falo, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Da ya zuge ta, wari ya cika ɗakin. Na ce, "Baffa, ga amanar da Yayanka ya ba ka." Bai ɗago kai ba.

Na san da kana nan cewa za ka yi in yafe. Ban yafe ba, kuma ba na shirin yi. Haƙurinka bai biyo ni ba, matajinka kawai na gada.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya tausaya maka kamar yadda ka tausaya wa abin da ba ya iya roƙo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da ƙannena, da duk wanda ya taɓa zama a kujerarka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Baffa kuwa, tasa gaisuwar tana cikin jaka.