Da Takardun Ƙanena Na Shiga Sojan Ruwa

A lokacin shekarata ashirin da huɗu, ɗan unguwar Nima ne ni da ya faɗi jarrabawar sakandare har sau biyu, ina sauke doya a kasuwar Agbogbloshie. Ƙanena ya ci tasa, amma asma ta hana shi aikin ɗamara. Da aka buɗe ɗaukar sojan ruwa, kawunmu ya ce in shiga da takardunsa, tunda kamarmu ɗaya kamar an tsaga kara. Mahaifiyarmu ta ce ai duk gida ne. Shi ƙanen nawa bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda, don hakan ya fi mini sauƙi.

Shekara goma sha ɗaya ina amsa sunansa, har digiri na yi da shi ta karatun nesa. Rannan kwamandanmu ya kira ni, ya ce gurbin hafsa da ake ware wa ƙananan sojoji kaɗan ne, wasu har ritaya ba sa jin ƙanshinsa, amma ya sa sunana. Ya ƙara da cewa za a bi asalina har unguwa, a tambayi liman da maƙwabta. Na sara masa na fito. A layinmu ko mai koko ta san wane ne babba tsakanina da ƙanena.

Na tafi unguwar Maamobi, inda ƙanen nawa ke gyaran waya a ɗan shago, don aikin gwamnati ya haramta gare shi muddin ina riƙe da takardunsa. Niyyata in roƙe shi ya bar gari na wata guda. Kafin in buɗe baki ya ce ya ji labari, in daure in karɓa, ko ba komai sunansa zai zama wani abu tunda shi bai zama ba. Da dariya ya faɗa. Har yau ban gane ba ko da zuciya ɗaya ya yi, ko magana ya gasa mini.

Na janye, na ce wa kwamanda ban shirya ba. Ko tsoro ne ya sa ni ko kunya, wallahi ban sani ba. Abin da na sani shi ne na tare wa mutum biyu hanya. Matasanmu na Zongo, komai ƙuncin neman aiki kada ku ari sunan kowa, ko da cikinku ɗaya, kuma kada iyaye su ce duk gida ne. Ni na yi karatun, ni na sha wuyar teku, amma in na mutu gobe a bakin aiki, shi za a rubuta ya mutu.