Yaƙin Bama a Takardar Jarrabawa

Muna aji biyu na babbar sakandare a Wudil aka fara koya mana tarihin duniya. Malaminmu ba ya bayani. Da ya shigo sai ya ba mu baya ya hau rubutu a allo, mu kuma mu yi ta kwafa har yatsu su sage. Taswirar da ke bango gara ta cinye rabinta, shi ya sa na haddace sunayen ƙasashen Turai ban san wacce ke maƙwabtaka da wacce ba.

Ranar da muka zo kan Yaƙin Duniya na Biyu na ɗaga hannu.

"Malam, mutanenmu fa? Ba su je ba?"

"Ba ya cikin manhaja," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba. "Rubuta abin da ka gani."

Ni kuwa na san sun je, don yayan kakana, wani tsoho tukuf a Indabo, da shi aka yi yaƙin a ƙasar Bama. Ranar Asabar na hau keke na tafi. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ja'iri, sai yau ka san da ni?" ya ce yana dariya.

Ya ba ni labarin jirgin ruwa da aman da suka sha, da dajin da ruwa ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke manne musu a ƙafa. Akwatin harsashi yake ɗauka a ka. Amininsa, mutumin Dagumawa, zazzaɓi ne ya kashe shi, ba bindiga ba.

"Kaka, me ya haɗa ƙasashen faɗa?"

"Wa ya gaya mana? An ce mu tafi, muka tafi."

Da jarrabawar zango ta zo aka tambayi illolin yaƙin, sai na cika shafi biyu da labarinsa, ina ta murna. Takardar ta dawo da jan layi daga sama har ƙasa, an rubuta "tatsuniya" a gefe. Na bi malam ofis.

"Malam, wallahi ba ƙarya ba ne. Mutumin yana nan da ransa."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Na sani. Amma mai duba jarrabawarka ta ƙarshe bai san kakanka ba. Illoli biyar na ba ku, su za ka kawo."

Na fito na zauna gindin darbejiya, haushi ya hana ni cin abincin tara. Daga ranar na koma hadda kamar kowa, na kuma ci jarrabawar. Tsohon ya rasu da damina, ina ta cewa sai an yi hutu zan koma in ji yadda suka dawo gida.